Zumunta a ƙafa take, to idan annoba ta ɗaure ƙafar fa?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya, ga taƙaicenta. A lokacin kullen korona na shekarar 2020 tana zaune a Kano tare da mijinta da 'ya'yansu, mahaifiyarta kuwa tana ƙauye, ba ta yi karatun boko ba, wayarta kuma ƙarama ce mai madannai. Ta ce ta shafe fiye da wata biyu ba ta sa kowa nata a ido ba, an yi rasuwa a danginsu ba ta samu zuwa ba, kuma duk da cewa waya ba ta barin hannunta dare da rana, ta fito daga kullen da ƙunci a zuciya da jin kamar an yanke ta daga jama'a. Tana so ta san yadda mutum zai riƙe zumunci daga cikin gida idan Allah ya sake jarrabar mu da annoba irin waccan.

Malama, Allah ya jiƙan wanda kuka rasa, ya ba ku haƙuri. Aikina ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwa da kula da lafiyar al'umma, kuma nima a Kano kullen ya same ni, saboda haka amsar da zan ba ki ta haɗa abin da ilimin fannin ya tabbatar da abin da na gani da idona a waɗancan watanni.

Yana da kyau mu tuna yadda abin ya auku, domin yanayinsa ne ya sa ya yi mana nauyi fiye da wasu wurare. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A ƙarshen watan Maris gwamnatin tarayya ta rufe Legas da Ogun da Abuja, jihar Kaduna kuma ta kafa tata dokar hana fita a cikin makon. Kano ta samu nata na farko ranar 11 ga Afrilu, aka kulle ta daga daren Alhamis 16 ga wata, sannan ranar 27 ga Afrilu shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe jihar gaba ɗaya na tsawon mako biyu, aka yi ta ƙara wa'adin, ana buɗe wasu ranaku kamar Litinin da Alhamis domin a yi cefane, har zuwa farkon watan Yuli. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, aka yi ƙaramar Sallah ranar 24 ga Mayu ba tare da hawan Sallah ba. Ma'ana, kullen ya faɗo daidai kan watan da Bahaushe ya fi cuɗanya da ɗan'uwansa a duk shekara: watan tafsiri da tarawi da tahajjudi, watan ciyayya tsakanin maƙwabta, watan tashe, sannan yawon Sallah. A cikin waɗannan makonni ne kuma aka yi ta rasa dattawa a birnin da yawan da ba a saba gani ba, har daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mace-mace 979 kuma ana ganin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari nasu na da alaƙa da cutar. Mutum ya rasa jama'a daidai lokacin da ya fi bukatar jama'a. Don haka kada ki ɗauki ƙuncin da kika ji a matsayin rauni ko ƙarancin tawakkali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a shekarar 2022 cewa a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari a faɗin duniya.

Akwai kuma dalilin da ya sa likitoci ba su ɗaukar kaɗaici abin wasa. A shekarar 2010 wata mai bincike a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, ita da abokan aikinta sun tattara sakamakon bincike 148 da suka ƙunshi mutane sama da 300,000, suka gano cewa waɗanda ke da kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi waɗanda ba su da ita yiwuwar ci gaba da rayuwa da kusan kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bibiye su. Wannan ne ma ya sa tun a watan Maris na 2020 jami'an Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara gyara lafazinsu, suna cewa abin da ake nema shi ne tazara tsakanin jikkuna, ba a ce mutane su yanke hulɗa ba. Addini ma ya riga ya shimfiɗa mana wannan. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita domin guje mata, kuma da shi ne Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. An hana tafiya, amma wajibcin sada zumunci bai faɗi ba.

Yanzu ga gundarin tambayarki: me ya sa waya na hannunki kullum amma kika ji kaɗaici? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma idan kika lura da abin da ƙafar ke ɗauke da shi za ki gane amsar. Wanda ya taso daga Gwale ya tafi Dakata domin ya gaida gwaggonsa ya ba ta abubuwa da yawa ba tare da ya furta ba. Ya nuna mata cewa ita kaɗai ya nufa, ya ba ta lokacinsa da kuɗin motarsa, ya zauna a tabarmarta ya sha ruwanta, sannan idonsa ya ga halin da take ciki, ko ta rame, ko murhu a kashe yake da azahar. Saƙon barka da Juma'a mai hoton fure, wanda aka tura wa mutum tamanin a lokaci guda, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikinsa, kuma wanda aka tura wa ya san haka. Yawancin abin da muka yi da wayoyinmu a lokacin kulle kallo ne da turawa: mu buɗe Facebook mu ga sanarwar rasuwa, mu rubuta Allah ya jiƙan rai, mu wuce zuwa ta gaba. Awa biyar a haka ba ta kai kiran minti goma da 'yar'uwarki ba, kuma sau da yawa tana barin mutum cikin firgici fiye da yadda ta same shi. Aikin da ke gabanki shi ne ki ɗora wa wayar kayan da ƙafa ke ɗauka, wato nufin mutum shi kaɗai, da ba shi lokaci, da bincikar halinsa, kuma hakan ba ya faruwa sai da gangan.

Murya ita ce farko. A muryar mutum ake jin gajiya da kuka da ake ɓoyewa da numfashin da ba daidai ba, kuma ita ce ba ta bukatar karatu ko babbar waya. Ga mahaifiyarki, kira na yau da kullum ya fi duk wata manhaja amfani. Abin da na fi ba mutane shawara a kai shi ne tsayar da lokaci, domin tsoho yana rayuwa ne da jiran abin da ya san zai zo. Idan ta san kullum bayan la'asar za ki kira, to tun da hantsi take da abin sa rai, za ta tanadi labarin akuyar da ta haihu da maƙwabciyar da ta yi baƙi, kuma ranar da kiran bai shiga ba ku duka za ku san akwai abin dubawa. Idan kuna da yawa a ɗakinku, ku raba kwanaki: wannan Asabar, wancan Lahadi, ƙaramin cikinku Litinin, domin na ga gidaje da yawa inda 'ya'ya shida suka kira uwa rana ɗaya saboda an ji labari mai tayar da hankali, sannan aka yi kwana goma kowa yana zaton wani ya kira.

Sai dai kiran ma yana da tarko, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne abin da na fi ganin ya cuci mutane. Gaisuwarmu an gina ta ne a kan amsa ɗaya. Ina kwana, lafiya lau. Ya gida, lafiya lau. Ya jiki, da sauƙi. Ya aka ji da wannan hali, sai godiya. Kunya da kara ba za su bar dattijuwa ta ce wa 'yarta da ke gidan miji babu hatsi a gidan ba, kuma magidanci ba zai ce wa ƙaninsa yau kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. A lokacin da ake ziyara, ido ne ke cike wannan giɓin. A waya babu ido, sai tambaya. Saboda haka bayan an gama gaisuwa yadda ta kamata, ki shiga tambayoyin da lafiya lau ba ta amsa su: Inna, me kika ci da safe? Wa ya ɗebo miki ruwa yau? Maganin hawan jinin saura ƙwaya nawa? Jiya ƙarfe nawa kika yi barci? Wa ya leƙo ki? A cikin azumin nan na kira wata dattijuwa da nake bibiyar lafiyarta, muka gaisa tsaf, komai lafiya. Da na ce mata da me za a sha ruwa yau, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta yi 'yar dariya ta ce ai ruwan ma ni'ima ne. Daga wannan dariyar na gane cewa ɗan da ke kawo mata cefane, wanda ɗan ga-ruwa ne, ya kwana huɗu bai fita ba. Da na tsaya a kan ya jiki, da na ajiye waya ina ganin na sauke nauyi.

Wannan ya kai mu ga batun da ba a cika so a ambata ba idan ana maganar zumunci ta waya, wato abin hannu. Mafi yawan mutanen garuruwanmu sai sun fita suke samun na abinci, kuma dokar zaman gida ta tsayar da ɗan dako da mai adaidaita sahu da mai wankin hula da mai tuyar ƙosai a rana ɗaya. Gaisuwar da ba ta taɓa zuwa da komai ba, alhali mai gaisuwar yana da hali, tana yin sanyi a kunnen mai jin yunwa. Ba sai abu mai yawa ba. Katin waya na ɗari biyu da kika tura wa ƙawarki yana nufin ita ma za ta iya kiran tata uwar. Kuɗin da aka tura wa mai shagon unguwa aka ce ya kai wa wance mudu biyu na gero da sukari, ba tare da an ce ta roƙa ba, ya fi dogon jawabi. Ku kuma yi yarjejeniya a fili da waɗanda ba su da kati cewa su yi filashin kawai za a kira su, kuma a gaya musu cewa hakan ba abin kunya ba ne, domin akwai masu gwammace su yi shiru da a ce kullum su ne masu filashin.

Akwai wani abin da na lura da shi wanda ya ba ni mamaki da farko. Kalmar kulle ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma matan da suka yi shekaru a auren kulle sun fi kowa iya riƙe zumunci daga cikin gida. Sun san lokacin da ake leƙawa ta katanga a gaisa da maƙwabciya, sun san aiken kwano, sun san yadda ake riƙe ƙawa da biki da adashi ba tare da an taka ƙofar gida ba. Waɗanda suka fi jigata a ganina maza ne, musamman dattawan da duk hulɗarsu ta rataya a kan sahun masallaci da rumfar kasuwa da majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi. Irin wannan mutum bai taɓa kiran abokinsa don hira kawai ba, domin sau biyar a rana yake ganinsa, sai ga shi an rufe duka wuraren a dare ɗaya. Idan akwai irinsa a gidanki, mijinki ne ko mahaifinsa, ki taimaka masa ya fara, ko da ke ce za ki danna lambar ki miƙa masa. Yawancin wayoyi, har da ƙanana, suna iya haɗa kiran mutum uku ko fiye, kuma na san 'yan wata majalisa da suka mayar da zamansu na bayan isha'i zuwa irin wannan kira, da musun ƙwallonsu da tsokanarsu, ana karɓa-karɓa wajen biyan kati. Darasin da za a ɗauka daga matan kulle yana da gyara guda: ɗan aikensu yaro ne, a lokacin annoba kuwa yaron da ke shiga gida goma a yini yana iya zama shi ne mai raba cutar. Gaisuwa ta katanga ko daga bakin zaure, da tazarar taku uku zuwa huɗu a sarari mai iska, ba ta da laifi matuƙar hukuma ba ta hana ba. Kwano kuma a ajiye a bakin ƙofa, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan ɗauka.

Game da manhajoji ba zan tsawaita ba. WhatsApp ya ishi yawancin iyalai, kuma a watan Afrilu na 2020 ne kamfanin ya ƙara adadin masu shiga kira ɗaya daga huɗu zuwa takwas. Saƙon murya ya fi rubutu dacewa da mu, domin wanda bai iya karatu ba yana saurara, kuma yana tafiya ko sabis ba shi da ƙarfi. Kiran bidiyo yana cin data da caji, don haka a ware shi ga abin da ido ke bukata, kamar nuna wa kaka jaririn da aka haifa ko ɗinkin Sallar jikoki. Ni kaina na yi kuskure a nan: na matsa wa danginmu a yi taron Sallah ta manhajar taron bidiyo ta Zoom, muka shafe rabin lokacin ana cewa ba ma jin ku, ku buɗe makirfo, manyan da aka shirya abin dominsu kuma ko shiga ba su iya yi ba. Washegari na bi su ɗaya bayan ɗaya da kira na gargajiya, kuma wannan ne suka riƙa ambata daga baya.

Zauren dangi na WhatsApp yana da amfani idan an ba shi aiki, yana kuma zama masifa idan an bar shi sakaka. Mafi kyawun abin da na ga an yi da shi shi ne saukar Alƙur'ani: a raba izu sittin tsakanin 'yan'uwa, kowa ya karanta nasa a gidansa, ya sanar idan ya kammala, ranar Juma'a babban gida ya yi addu'a ta saƙon murya. Mutanen da ke Kano da Jidda da Yamai da Kumasi suka riƙa jin suna aiki ɗaya a mako ɗaya, waɗanda ba su da babbar waya kuma ana kiransu a gaya musu izunsu. Wasu sun yi musaffar hadda tsakanin yara, wasu kaka ce ke aiko da tatsuniya kowane dare, gatanan gatananku da muryarta, jikoki su amsa ta zo mu ji ta daga garuruwa uku. Abin da ke kashe zaure kuwa jita-jita ce. Mun ga irinta tun lokacin Ebola a 2014, da aka tashi mutane cikin dare aka ce su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha, har wasu suka rasa rayukansu. A 2020 ma an yi ta yawo da magunguna na ƙarya da hotunan gawarwaki, har WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Ku sa doka tun farko, kuma babba ne zai faɗe ta don ta zauna: ba a sanar da rasuwa a zaure sai an kira makusanta an gaya musu da baki, kuma ba a tura maganar magani sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Babu abin da ya kai mutum ya buɗe waya ya ga hoton kawunsa da innalillahi a ƙasa ciwo.

Kada kuma a raina rediyo. Tun kafin wayar hannu, shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su zaɓi sonka ne ke haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba daga Kaduna har Damagaram, kuma a azumin 2020 ta rediyo da talabijin da Facebook akasarin mutane suka saurari tafsiri bayan an hana taruwa. Idan kin san tashar da mahaifiyarki ke kamawa da malamin da take saurara, ki saurara ke ma a lokaci ɗaya, sai ya zama kuna da abin tattaunawa bayan labarin cuta. Hirar da kullum ba ta wuce wa ya kamu wa ya rasu ba tana gajiyar da mutum, har ya fara gudun ɗaga waya.

Rasuwar da kika ambata ita ce mafi nauyi, kuma ba zan ce miki waya tana maye gurbin zaman makoki ba. Zaman kwana uku, da tabarmi a ƙofar gida, da mata cike da tsakar gida, da abincin da maƙwabta ke shigowa da shi, duk suna yin wani aiki a zuciyar wanda aka yi wa rashi: suna tabbatar masa cewa abin ya faru da gaske, kuma ba shi kaɗai ya ɗauka ba. Waɗanda aka hana wannan sukan daɗe da baƙin cikin da bai sami mafita ba, wasu kuma da jin laifin rashin halarta, kamar yadda na ji a cikin tambayarki. Abin da za a iya yi daga gida shi ne a kira da murya, kada a wadatu da rubutu. A yi ta'aziyya yadda aka saba, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, sannan a ambaci wani abu na mamacin da aka sani, alherin da ya taɓa yi ko maganar da ya saba faɗa, a kuma jure shirun da zai biyo baya ba tare da gaggawar sallama ba. Kira na biyu da na uku sun fi na farko daraja, domin a kwanakin farko waya ba ta hutawa, bayan mako biyu kuwa sai ta yi tsit. Matar da ke takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, kuma a lokacin annoba babu masu shigowa su taya ta zama, saboda haka a raba kwanakinta tsakanin 'yan'uwa kamar yadda na ce a yi wa uwa. Idan an buɗe gari kuma a je da ƙafa, ko an yi wata shida. Idan har yanzu ba ki je wa waɗanda aka yi wa wancan rashin ba, ki je, ki faɗa musu abin da ya tsare ki, za ki ji sauƙin da ba ki zata ba.

Mutanen da kuke kulle tare su ma zumunci ne, kuma sau da yawa su ake mantawa. Gida mai ɗaki biyu da mutum tara, ga zafin Afrilu, ga azumi, ga rashin kuɗi, ga maigida da bai saba wuni a gida ba, wuri ne da ƙaramar magana ke zama faɗa. Abin da ke taimakawa shi ne tsari: lokacin tashi da na barci su tsaya, a yi sallah cikin jam'i a tsakar gida, a ci abinci tare a ajiye wayoyi, a ba yara aikin da za su yi, kuma a yarda kowa yana da 'yancin ya keɓe na ɗan lokaci ba tare da an ce fushi yake yi ba. Labaran annoba a saurare su sau ɗaya ko biyu a rana daga tashar da aka amince da ita, kada a kwana da su. Inda kuma zaman ya kai ga duka ko barazana, wannan ya wuce a ce a yi haƙuri, sai a sanar da manya ko hukuma, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake son kowace mace ta kasance tana da wanda ke kiranta ita kaɗai a kai a kai.

Akwai iyakar abin da hira ke warkarwa. Idan ke ko wani naki ya kai mako biyu cikin baƙin ciki mafi yawan yini, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita daga ransa, ko ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, to a nemi likita, kada a tsaya a kan addu'a da lallashi kaɗai, a haɗa duka. Akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai kuma na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma dokar kulle ba ta hana fita neman magani. Tsoho kuwa idan ya rikice farat ɗaya, yana magana ba kan gado ko bai gane muryar da ya sani ba, wannan alamar ciwo ce a jiki da ke bukatar a duba shi a ranar.

Shirin duk wannan yanzu ake yin sa, lokacin da hanya take a buɗe, domin a 2020 kwana biyu kacal aka ba mutanen Kano tsakanin sanarwa da rufewa. Idan kika je gida nan gaba, ki karɓi lambar mutum biyu da ke kusa da mahaifiyarki, maƙwabciya ɗaya da wani saurayi mai ƙafa, da lambar mai shagon da take sayayya da ta ma'aikacin lafiyar da ke asibitin garin, ki rubuta su a takarda ban da cikin waya, domin waya tana ɓata ko ta lalace. Ki duba yadda take cajin wayarta, domin idan a shagon mai caji take kaiwa, ranar da aka rufe shagon an rufe ku duka, kuma ƙaramar fitilar sola mai wurin caji tana magance wannan. Ki sa mata lambarki a madanni ɗaya, ki nuna mata ta danna ta riƙe har ya shiga, ki sa ta gwada a gabanki sau biyu ko uku. Kiran bayan la'asar ɗin kuma ki fara shi daga wannan makon, yadda idan wata rana an sake rufe hanya zai tarar ta riga ta saba zama kusa da wayar a wannan lokaci.